A-kori-kurar da Ta Ƙwace Mini Uba

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Nassarawa GRA ya san Baba, Alhaji Garba Malamin Gona, ba ya gaisawa da ɗan Adam da safe sai ya gaisa da motarsa. Yana dawowa daga masallaci, carbi a hannu, sai gareji. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge a tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana ƙanƙance ido kamar mai duban wata. Sannan ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyin yana ɗan taɓa kowacce da ƙafa. In tsautsayi ya sa ka durƙusa ka ce "Baba ina kwana" a wannan tsakanin, hannu kawai zai ɗaga maka, wato dakata, manya suna ganawa.

Ku da kuka san shi na san kun fara murmushi. To ni a lokacin ba dariya nake yi ba. Gara in faɗa muku tun yanzu, da kishin motar nan na tashi, kishi na gaske mai hana cin tuwo.

A-kori-kura ce fara, mai ƙofa biyu da buɗaɗɗen baya, ya saye ta ana gab da yaye ni. Ni ne ƙaramin gidanmu, kowa Auta yake ce mini. Umma, mahaifiyarmu, ta ce ranar da aka shigo da motar Baba ya shafa bonet ɗinta ya ce, "To, ga autar gidan nan ta iso." Shi ke nan fa! Suna ya tashi daga kaina ya koma kan ƙarfe, ni kuma na koma Bashir zalla, ko ɗan ƙari babu. Tun daga nan burina bai wuce guda ɗaya ba: wata rana a ajiye ni, a ajiye ta, Baba ya zaɓe ni.

Abu na farko da na fara yi wa Auta a rayuwata shi ne turi. Kullum za a kai mu makaranta sai mun tura ta daga gareji har titi, ni da yayyena, cikin fararen kayan makaranta da Umma ta sha wahalar gogewa. Layinmu kuwa kun san shi, 'ya'yan manyan ma'aikata ne, direba yake kai su, suna zaune a baya suna leƙenmu ta gilashi. Mu kuma ga mu nan mun duƙa muna nishi, Baba yana ciki ya fito da gwiwar hannu ta taga yana ba da umarni.

"Ku ƙara ƙarfi! Bashir, da hannu biyu ake turi, ba shafa ta na ce ka yi ba!"

Na daɗe ina zaton batirin ne ya mutu. Ran nan dai na yi ta maza na tambaya.

"Baba, me ya sa ba za a sayi sabon batir ba?"

Ya taka birki ya waiwayo. "Wa ya ce maka batirina ya mutu? Lafiyarsa ƙalau! Ai don kada ya mutu nake tattalinsa."

"To mu fa, Baba? Mu ma muna gajiya."

"Kai ka sha koko, ka ci ƙosai har biyar ina kallonka. Shi me ya ci?"

Na koma baya na ci gaba da turi, ina yi wa batir mugun fata a zuciyata, shi kuwa ya ƙi mutuwa.

Sai shekarar da zan shiga makarantar kwana. Umma ta sayo mini sabon bargo mai laushi da 'yar katifa, na jera su a falo, duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, kafin a ankara sai ga ƙanƙara tana zuba kan kwano, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Auta kuwa tana tsakar gida, Baba ya wanke ta ya bar ta tana shan iska. Ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin na ranar ba. Ya faɗo falo, ya suri bargon, ya suri katifar, ya yi waje. Bargo a kan bonet, katifa a kan gilashi. Iska ta fara ɗaga su, sai na ji an ƙwala mini kira.

"Bashir! Zo ka danne can gefen!"

Na fita na danne. Ƙanƙara tana saukar mini a tsakar ka, ina tsalle ina ihu.

"Baba, kaina! Wayyo, tana dukana a ka!"

"Riƙe da kyau! Kanka zai warke. Gilashin nan an daina yin irinsa!"

Haka na tafi makaranta da ƙulu biyu a ka da bargo mai warin baƙin mai. Da Umma ta yi masa magana, cewa ya yi yaron nan ya cika ƙorafi, sannan ya kawo maganarsa da duk kun haddace: "Ita dai Auta ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba." Umma ta ce, "To madalla, yau sai ta tuƙa maka tuwon dare."

Ranar da na gama jami'a ma ba ta bar ni na sha iska ba. Mun je tare, ya ajiye ta can nesa a gindin wata darbejiya, muka taka da ƙafa cikin rana saboda ita ta samu inuwa. Aka fara kiran sunaye. Da aka zo kaina na hau dandamali ina baza ido cikin jama'a, na hango Umma tana share hawaye da gefen mayafi, kujerar da ke kusa da ita kuwa babu kowa. Bayan an tashi sai ga shi yana tahowa yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ina ka shiga? An kira ni ba ka nan."

"Inuwa ce ta matsa, na je na gyara mata tsayuwa. An ba ka takardar?"

"An ba ni."

"To alhamdu lillahi, ai ba guduwa za ta yi ba, na gani a gida."

Mutane suka yi ta dariya, ni ma na yi don kada a ce na cika ƙorafi. Amma wannan kam ta yi mini ciwo, ta daɗe tana yi mini ciwo. A hanyar komawa gida na haɗe rai, shi kuwa bai ma lura ba, yana can ya karkata kunne yana sauraren inji.

Da babban wanmu, Yaya Kabiru, ya samu buɗi, sai ya ce abin kunyar nan ya isa. Ya sayo wa Baba sabuwar mota dal, baƙa, mai sanyi a ciki. Ranar har rawa na taka a bayan gida, na ce yau dai mulkin Auta ya ƙare. Baba ya yi godiya, ya sa albarka, ya zagaya motar, ya shiga ya zauna yana lalube da ƙafar hagu.

"Kabiru, ina kulocin?"

"Babu, Baba. Ita take canza wa kanta giya."

"Ita da kanta? To ni mene ne aikina a ciki? Fasinja?"

Muka ce dai a fito da tsohuwar daga gareji a sa sabuwar. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce sabuwa ai da ƙuruciyarta, za ta iya da rana. Haka motar miliyoyi ta kwana a waje, ta wuni a waje, tsuntsaye suna yi mata ado. Bayan 'yan watanni Yaya Kabiru ya tambaye shi ko yana jin daɗinta.

"Ƙwarai kuwa! Allah ya yi maka albarka, motar nan ta yi mini rana. Da ita nake zuwa Ƙofar Ruwa in sayo wa Auta kayan gyara, ka ga na hutar da ita shiga cunkoso."

Ni dai tun daga ranar, in na wuce baƙar motar nan sai in ɗan shafa ta. Na san abin da take ji.

To, sai wata kaka, lokacin har na yi aure, Baba kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Ya ce in raka shi gonarsa ta hanyar Gezawa mu kwaso harawa. Rakiya da ɗaukar kaya ne nawa, tuƙi kam nasa ne, don babu mahalukin da ya taɓa riƙe sitiyarin nan in ba shi ba. Muka tafi a irin tafiyarsa, masu keke suna wuce mu suna yi mana sannu.

Muna cikin lodi da hantsi na sa hannu ƙarƙashin wani dami, sai na ji kamar an soka mini allura mai wuta. Na fizge hannu, sai ga kububuwa tana sulalewa. Masu aikin gonar suka yi salati suka yo kaina, wannan ya ce a ɗaure, wancan ya ce a tsaga, wani ya ce akwai mai magani a ƙauyen gaba. Baba bai saurari kowa ba. Ya cafki rigata ya tura ni gaban mota, ya zagaya ya shiga.

Jama'a, ashe Auta tana gudu! Ban taɓa sani ba sai ranar. Muka faɗa rami muka fito, harawa tana zubewa a baya, bai ko waiwaya ba. Hannuna ya kumbura, jini yana tsattsafowa daga inda ta sare ni, idona yana rufewa. Ba mu yi rabin hanya ba na ji wani ƙauri, sai ga tururi yana fitowa ta gefen bonet. Tiyon lagireto ne ya fashe. Na dubi allurar zafi, ta haye ja ta zauna. Duk da halin da nake ciki sai da na yunƙura na yi magana, don a gidanmu an tashe mu da sanin abin da wannan yake nufi.

"Baba, ta yi zafi. Tsaya ka zuba mata ruwa."

"Rufe mini baki."

"Baba, injin zai..."

"Na ce ka rufe mini baki! A'a, buɗe. Karanta mini Ƙulhuwa da ƙarfi. Kada ka kuskura ka yi barci, Bashir!"

Ina karantawa yana amsawa, ƙafarsa tana kan totur har ƙasa. Muka shigo gari injin yana bugawa kamar ana daka a turmi, hayaƙi ya cika mu, mutane suna nuna mu suna ihu. A daidai ƙofar asibiti ta yi wata irin ƙara ta mutu. Abin da na iya tunawa na ƙarshe shi ne kafaɗar Baba a ƙarƙashin hammatata, yana jana yana kiran a taimaka.

Sai washegari na dawo hayyacina sosai. Na gan shi zaune kan kujerar roba a gefen gadon, cikin rigar jiya, duk ƙura da jini, babu ko hula. Da na iya motsa baki, kun san tambayar da ɗan gidanmu zai fara yi.

"Baba, ina motar?"

Ya dube ni.

"Wace mota?"

Sai can ya ce, "Oho. Ban sani ba. Tana inda ta tsaya, ina ji." Yaya Kabiru ya gaya mini daga baya cewa a nan ya bar ta, ta tare ƙofar asibiti, murfi a buɗe, makulli a jiki, sai masu gadi ne suka ture ta gefe. Na juya fuskata bango don kada ya ga abin da idona yake yi.

Injin ya buga, bugawar da ba ta gyaruwa. Bakanike uku suka duba suka girgiza kai, aka jawo ta gida da igiya. Masu zuwa gidanmu a makon nan rabi dubiyata suka zo, rabi kuwa, na rantse, ta'aziyya suka zo yi wa Baba. Ni kuma ina kwance a falo ina jiran ranar da zai ce garin rashin kulata na kashe masa mota. Na ma tanadi amsa. Ranar ba ta zo ba.

Wani maƙwabcinmu, wanda Baba ya taɓa daina gaisawa da shi wata da watanni don kawai ya kira Auta tsohuwa, shi ne ya tambaya ina jin su.

"Alhaji, wai me ya same ta ne haka farat ɗaya?"

Baba ya san abin da ya same ta, ya kuma san da sauran shekaru a jikinta. Ya ɗaga murya yadda zan ji daga inda nake kwance.

"Tsufa ne kawai, Alhaji. Lokacinta ne ya yi."

Haka ya ci gaba da faɗa wa duk wanda ya tambaya, har ya koma ga Mahaliccinsa bara da azumi. Tana nan a gareji har yanzu, masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya, ni nake korarsu da kaina.

Ya Allah, bawanka Garba bai tsaya a hanya ba ranar da nake buƙatarsa. Kai ma kada Ka tsayar da shi. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka wuce da shi Aljanna ba tare da hisabi ba. Amin.