Rigar da Na Farke

Har yau in wata ta tare ni a hanya ta ce, "Malama, yaushe za ku sake yi mana wasan nan na teloli?" sai in yi yaƙe. Nakan ce sai Allah ya nufa. Wallahi na gaji da wannan tambayar. An yi mini ita a wajen suna, an yi mini ita a layin asibiti, har a gidan gaisuwa an taɓa raɗa mini ita a kunne ana gumtse dariya.

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a Kazaure. Duk shekara in za a yaye ɗalibai, wasan kwaikwayo a kaina yake faɗawa, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ni ce ban iya cewa a'a ba. Yayata kuwa tela ce. Shagonta yana gindin wata darbejiya a kan hanyar kasuwa, kuma a gindin keken ɗinkin nan na girma bayan rasuwar innarmu. Ita ta raine ni, ita ta tura ni makaranta, kuma har na yi aure na haihu ba ta daina ce mini Auta ba.

Yaya tana da wata ɗabi'a. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta zaro tef daga wuyanta ta auna ta, ta rubuta awon da alli a bayan atamfar. Amma ba ta sa wa jininta tef. Ni dai tunda nake ba ta taɓa auna ni ba. Sai in tsaya a gabanta ta ce, "Auta, juya." In juya. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce na rame ko ta ce tuwon gidan miji ya karɓe ni, shi ke nan ta ɗauki almakashi. Ko sau ɗaya riga ba ta taɓa yi mini yawa ko kaɗan ba. Ban ɗauki abin a bakin komai ba a lokacin.

Abin da ya sa na rubuta wasan, haushi ne. Akwai wata mata da take zuwa daga Kano a mota, ta sauke wa Yaya leshi da atamfa, Yaya ta zauna ta fitar da ɗinki, ita kuma ta kwashe ta je ta liƙa ɗan ƙyallen tambarinta a wuya, ta baza hotuna a waya a matsayin aikinta. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ke biyo baya. Matan garinmu sai su zo shago su miƙa wa Yaya waya, su nuna mata rigar da ita da kanta ta ɗinka, su ce, "Irin wannan na Kano nake so, anya za ki iya kuwa?" Ita kuma sai ta gyara gilashi ta ƙura wa hoton ido kamar ba ta taɓa gani ba, ta ce, "Za mu gwada." Ni da nake gefe sai in ji kamar in fashe.

Sai na ce bari in rama mata. Na haɗa wasan barkwanci a kan duniyar ɗinkin zamani, na zuba mutane a ciki. Akwai Hajiya mai tambari wadda ko zare ba ta iya sa wa allura ba. Akwai mai kwalliya da take mayar da fuskar kowa iri ɗaya har ango ya kasa gane amaryarsa a cikin ƙawaye. Akwai mai tallan kaya a waya, da uwar amarya mai sauya anko sau uku. Sai telar ƙauye, wadda ita ce take yin aikin duka ba wanda ya san da ita. A fitowa ta ƙarshe telar za ta yi yaji, dole Hajiya ta hau keke da kanta, riga ta fito hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, wuya a karkace. Telar za ta dawo ta ɗaga rigar a gaban jama'a ta ce ga ɗinkin Hajiya da hannunta. A lissafina, nan za a tashi da tafi, kowa ya gane wace ce gwana.

To, ina bukatar mummunar riga. Na sayi atamfa koriya shar mai zanen ruwan ɗorawa, irin wadda za a hango daga kujerar baya, na kai wa Yaya. Na ce ta ɗinka mini ita a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya.

Ta ciro fil daga bakinta ta ce, "A karkace?"

"Wasa ne, Yaya. Da gangan ake so."

"Auta, atamfa ce fa."

Na yi ta bayani, tana ta taka keke. Da na dawo bayan kwana huɗu sai na tarar da rigar rataye a ƙofar shago, inda take rataye duk aikin da ta gama, iska tana kaɗa ta. Ɗinki tsaf, hannuwa daidai, ga 'yar tattarar nan guda uku a ƙirji da duk garin aka san ita kaɗai take yi. Na ce haba Yaya, ba haka na ce ba. Ta ce ta gwada, hannunta ya ƙi. Raina ya ɓaci, na karɓa na tafi gida, na sa reza na farke kafaɗa, na datse hannun dama da almakashin kicin, na ja wuyan gefe na ɗinke da allura. Ban gaya mata ba. Tattarar nan uku kuwa ko ta kanta ban bi ba.

Ranar bikin aka kafa rumfuna a filin makaranta. Iyaye mata suka cika wuri, wasu motar haya suka yo daga Babura, wasu daga Roni da Gwiwa, da kulolin abinci da jarkokin zoɓo. Yaya ta rufe shago, abin da ba ta yi sai in rasuwa aka yi. Ni da kaina na kama hannunta na zaunar da ita a layi na biyu, na ce yau za ta ga abin mamaki.

Tun daga fitowar farko na fara jin wani iri. Yarinyar da ta fito a Hajiya mai tambari ta shigo da takalmi mai tsini tana yauƙi tana jefa Turanci, ni ina bayan labule ina jiran a yi mata dariya. Ina! Sai na ji ana cewa, "Kai, yarinyar nan ta iya gayu, tubarkalla." Wata ma tambaya take yi a ina aka ɗinka mata kayan jikinta. Mai kwalliya ta samu 'yar dariya, uwar amarya ta samu guɗa ɗaya daga wata tsohuwa. Na ce a raina ba komai, a dai jira ƙarshe.

Sai telar ta shigo. Yarinya ce mai kaifin kwaikwayo, kuma ni na koya mata komai. Na ce ta sa gilashi a kan karan hanci. Na ce ta cika baki da tsinke a madadin fil, ta riƙa magana ta gefen baki. Na ce in za ta duba mutum ta ce "juya", ta goge hannu a zani kafin ta taɓa atamfa. Allah shi ne shaidata, duk makonnin da muka yi muna gwaji ban taɓa tambayar kaina daga ina na samo waɗannan abubuwan ba. Sai da na ga kawuna suna waiwayawa layi na biyu. Wuri ya ɗauki dariya, ana taɓa juna ana nuni da baki. Yaya ma ta yi dariya da farko, ta rufe baki da mayafi, har na ɗan samu natsuwa.

Aka zo fitowa ta ƙarshe. Telar ta shigo da koriyar riga ta ɗaga ta sama, hannu ɗaya yana reto, ɗayan ya tsaya a gwiwar hannu. Kafin ta buɗe baki, wata mata mai ƙatuwar murya daga cikin mutanen Roni ta miƙe tsaye ta ce, "La ilaha illallahu! Ai wannan rigar a gindin darbejiya na gan ta rataye ran kasuwa!"

Shi ke nan wuri ya kece. Wasu har da faɗowa daga kujera, shugabar makaranta tana share hawaye da gefen gyale. Yarinyar ta faɗi maganarta, ta ce ga ɗinkin Hajiya da hannunta, ta sake faɗa da ƙarfi, amma ko ni da nake kusa da ita da ƙyar na ji. Abin da jama'a suka gani shi ne tela mai kama da Yaya, riƙe da rigar da aka gani a shagon Yaya, da tattarar Yaya a ƙirji, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Na leƙa ta gefen labule. Yaya ta sauke mayafin daga bakinta, tana zaune ƙyam, idonta a kan rigar.

Da aka tashi aka yi ta rungumata. Aka ce ba a taɓa wasa mai daɗin wannan ba. Wata ta ce, "Amma Malama ba ki da dama, har yayarki ba ki ƙyale ba!" Ina cikin wannan Yaya ta ƙaraso ta ce sannu da ƙoƙari, ina rigar? Aka kawo. Ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin allurata da ɗan yatsa tun daga kafaɗa har wuya, ta linke ta sa a jaka. Na ce in raka ta, ta ce in zauna da baƙina. Ta tari adaidaita ta tafi.

Garin neman gira na rasa ido. Daga ranar, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ce cikin raha, "A dai daidaita mana hannuwa." Wasu da wasa suke faɗa, wasu kuma sai sun buɗe kayan a gabanta sun haɗa hannu da hannu sun gwada kafin su tafi. Wani gida a Gwiwa da suka ajiye ankon biki gaba ɗaya suka aiko aka kwashe atamfofin tun ba a sa musu almakashi ba, wai an ɗaga bikin. Ba a ɗaga ba, na ga hotunan. Matar Kano kuwa ko a jikinta, ba ta ma san an yi ba. Ta ci gaba da zuwa da motarta, matan garinmu suka ci gaba da nuna wa Yaya ɗinkin Yaya a waya, sai dai yanzu "anya za ki iya" ɗin ya ƙara tsawo.

Na yi bayani har bakina ya gaji. A ofishin malamai, a cikin mota, a gidan biki, duk inda zancen ya taso sai in ce jama'a ni na farke rigar nan, ni na datse hannun, a wasan ma ai ɗinkin Hajiya ne. Sai a ce, "Allah sarki, ɗan'uwa rabin jiki. Ai dole ki rufa mata asiri." Ka ji fa. Mutane sun riga sun yi dariyarsu, ba wanda yake son a ƙwace masa ita. Daga baya na daina, don na lura duk bayanin da na yi sai ya zama dalilin sake ba da labarin tun daga farko.

Yaya ta gyara rigar. Hannun da aka datse ba ya tsirowa, sai ta rage ɗayan ya zo daidai, ta mayar da wuyan, ta sake rataye ta a ƙofar shago. Ta daɗe a nan har rana ta cinye korenta. Ban taɓa ganin wani ya tsaya ya duba ba. Na je na durƙusa na ba ta haƙuri, na yi kuka, na gaya mata don ita na yi wasan, don in nuna wa garin nan ko ita wace ce. Ta ce, "Na sani. Ba komai." Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Da azumi ya kawo jiki na kai mata atamfar Sallah kamar kowace shekara. Muka gaisa, ta tambayi yara da maigidan, ta sa aka kawo mini ruwa. Na ajiye atamfar a kan tebur na tsaya a inda na saba tsayawa, ina jiran a ce in juya. Ta miƙe ta goge hannu a zani. Sai ta zaro tef daga wuyanta.

"Malama, ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ta auna kafaɗa, ta auna ƙirji, ta auna tsawo. Ta auna hannun dama ta rubuta da alli a bayan atamfar, sannan ta zagayo ta auna na hagu shi ma ta rubuta. Ba ta yi wa kowa haka, hannu ɗaya ake aunawa. Ina tsaye hannuwa a buɗe har ta gama. Ta ce in dawo ran Laraba.

Rigar ta zauna mini daidai, kamar kullum. Muna zumunci har gobe, ita take yi wa 'ya'yana ɗinki, kuma su da ido take duba su ta ce su juya. Ni kuwa kowace Sallah sai na ɗaga mata hannuwa biyu.