Kunyar Ƙarshe a Gonar Taba

Shekara arba'in Inna ta yi tana noman taba, kuma duk tsawon shekarun nan kafaɗa da kafaɗa take cire ciyawa da ƙawarta Doguwa. Yau a gonar wannan, gobe a ta waccan. A duƙe suka aurar da 'ya'ya, a duƙe suka yi gulmar mazajensu, a duƙe suka yi kukan rasuwarsu. Zaman ɗaki dai ba su taɓa yi ba, don a ganinsu wannan aikin marasa abin yi ne.

Sai leda ta shigo. A shimfiɗa ta baƙa wuluk a kan kunya, a danne gefe da ƙasa, a huda da gwangwani mai zafi, a dasa taba a ramin. Danshi ya zauna, ciyawa ta mutu. Kowa ya ce an huta, ban da Inna.

Dabara ta yi. Duk shekara idan an zo kunyar ƙarshe sai ta ce leda ta ƙare, alhali ragowar tana ƙarƙashin gadonta. Kunya ɗaya tal, wadda ko mai ciwon baya zai gama kafin rana ta ɗaga, amma su biyu sai su wuni a kanta. Shekara shida ana haka.

A ta bakwai ciwon gwiwa ya kwantar da Inna ranar dashe. Ɗanta, mutumin kirki mai gudun wahalar uwa, ya ƙaro leda ya rufe gonar kaf.

"Inna, bana kin huta, ko tsinke ba za ki cire ba."

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. Me za ta ce?

Bayan mako uku Doguwa ta iso da fartanya a kafaɗa. Suka tsaya a bakin gona, leda tana ta ƙyalli har ƙarshe.

"Taba ta yi kyau," in ji Doguwa.

"Ta yi. Mu je gida ki sha ruwa."

Suka zauna a tabarma suna kallon juna kamar surukai. An gaisa, an sake gaisawa, magana ta ƙi zuwa. Inna ta ji zuciyarta ta karye, domin ta gane bakinsu ba ya buɗewa sai hannu na aiki.

Doguwa ta jawo fartanyarta.

"Bari in koma, 'yar uwa, kada in tsare ki."

Inna ba ta da aikin komai a ranar, amma ta raka ta har ƙofa.