Katakan Zamiyar Yayana

Yayana ya rasu a kan dusar ƙanƙara, a ƙasar Turawa, a makon da zafin Katsina ke sa kwalta laushi. Injiniya ne, ya daɗe yana aiki can. Wani abokin aikinsa Bature ne ya kira ni bayan azahar, yana magana yana kuka. Ya ce hutu suka samu, yayana da wasu abokai suka hau jirgi mai saukar ungulu zuwa ƙololuwar wani dutse da ba hanyar mota, don su gangaro ƙasa da zamiya a kan wasu dogayen katakai da ake ɗaurawa a ƙafa. Iska ta taso, jirgin ya bugi dutse. Ba wanda ya tsira, har matuƙin.

Na samu Baba a shagonsa na yadi a Babbar Kasuwa. Ya yi salati, ya zauna a kan bandir ɗin shadda ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Tunda kai ka ji Turancin, kai za ka riƙa ba mutane amsa."

Musulmin garin can suka yi masa sutura, mu kuma muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a Ƙofar 'Yandaka. Mutum zai zo ya yi gaisuwa mai tsawo, a shafa fatiha, sannan ya rage murya ya ce, "Ciwo ya yi?" Sai Baba ya nuna ni da haɓa.

Wanda ya fi ba ni wuya maƙwabcinmu ne, wani tsohon dillalin hatsi.

"Aiki aka tura shi bisa dutsen?"

"A'a, Alhaji, hutu ne."

"To mi za ya ɗauko can?"

"Ba komai. Saukowa zai yi."

"Ya hau jirgi don ya sauko?"

"E, Alhaji."

"In ya sauko fa?"

"Sai jirgin ya sake mai da shi sama."

Alhaji ya dube ni, ya dubi Baba, ya cire hula ya share zufa. "Allah ya jiƙan Musulmi," ya ce, ya koma gefe yana jan carbi.

Kafin la'asar ɗin rana ta biyu labarin ya fita daga hannuna. Wani ya zo yi mana ta'aziyyar sojan sama. Wani ya ji cewa zinariya yayana ya je haƙowa. A cikin gida, wajen mata, an tsaya a kan cewa sana'ar ƙanƙara yake yi, har wata gwaggonmu tana kuka tana cewa ashe can ma wahalar wutar lantarki ake, sai an hau dutse kafin a samu ruwan sanyi. Malamai biyu kuma suka kama gardama a bakin tabarma. Ɗaya ya ce wanda ruwa ya ci ya yi shahada, ƙanƙara kuwa ruwa ce. Ɗayan ya ce ai ba ta narke ba. Na rufe fuska da hannu, mutane suka yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa ban san ko kuka nake ko dariya ba.

Washegari da safe Baba ya kira ni ɗakinsa. Na ɗauka zai ce in bar dogon bayani. Sai ya ce, "Nuna mini abin nan da yake yi."

Akwai wani bidiyo da yayana ya turo mini bara. Ga shi cikin jar riga mai kauri, da ƙaton tabarau, ya dunƙule gwiwa yana gangarowa kamar an harbo shi, farin gari na tashi a bayansa. Da ya tsaya ya faɗi ta baya, ƙafafu sama, yana ƙyaƙyata dariya. Baba ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Ban taɓa jin ya yi irin wannan dariya a gidan nan ba," ya ce. "Sake sa mini."

Da damina kayansa suka iso. Ban da akwatuna, akwai wata doguwar jaka da ta ƙi shiga adaidaita, sai da aka ɗaure ta a sama. Muka buɗe, sai ga katakan zamiya guda biyu, tsofaffin da ya bari a gidansa na can. Malamin da ya zo rabon gado ya juya su, ya tambaya ko akwai mai so. Aka kira kafinta, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ba katako ba ne, ba kuma ƙarfe ba, shi dai ba ruwansa. Gwaggo ta ce za su yi kyau da shanya.

Baba ya sa aka kai su shago, ya jingine su a bayan yadi. Har yau suna nan. In mai sayen shadda ya tambaya, Baba ba ya neman taimakona. Sai ya miƙe, ya tattare babbar riga, ya dunƙule gwiwa a tsakiyar shago, ya ce, "Ka ga, haka ake tsayawa. Jirgi ne ke kai ka sama tukuna."