Na Ce Masa Ya Bari Sai Lahadi

A Omdurman aka haife ni, gidan malamai. Na gaji kyan rubutu, halin ne ban gada ba. Ina da ɗan tebur a kasuwar Suk al-Arabi inda nake rubuta wa mutane takardu da Larabci. Dattawanmu Hausawa duk wurina suke zuwa, musamman masu ajiya a wani ƙaramin bankin haɗin gwiwa. A haka na haddace ƙa'idar bankin: wanda ya faɗa wa wani lambar sirrinsa da bakinsa, asarar tasa ce, amma duk abin da ya fita bayan ya kai rahoto, banki ne zai biya.

Da ƙarin kuɗin rubutu na fara, sai kuma kwafe lambobin wayar mutane. Ba yunwa ce ta sa ni ba, kwaɗayi ne.

Baba Idrisa mai gasa jan bulo ne a unguwar Aljirif, abokin mahaifina. Na kira shi da wani layi, na yi masa Larabcin ma'aikata, na ce daga banki ne. Ya karanto mini lambar da ta shigo wayarsa, asusunsa ya dawo hannuna. Banki ya ƙayyade abin da ake cira a yini, don haka kwanaki nake buƙata.

Ranar Alhamis da safe sai ga shi a teburina, gumi na zuba. “Ya waladi, ɗana, guruush ɗina na raguwa, kuɗina na banki. Rubuta mini takarda in kai banki.”

Da ya tafi a lokacin, da an rufe asusun. Na ba shi shayi, na ce masa, “Baba, yau cunkoso ya yi yawa. Ka bari sai Lahadi in an dawo aiki bayan hutun Juma'a da Asabar, ni zan raka ka.” Ya sa mini albarka ya tafi. Kafin Lahadi na kwashe komai. Banki ya ce ya makara, ko sisi ba a biya shi ba.

Wata mai shago a unguwar Kalakla ce ajalin sana'ata. Ina ajiye waya ta kai rahoto, aka bi kuɗin har kaina. Na sha ɗauri, kuma ban ga laifin alƙali ba.

Da na fito na tuba, na nemi Baba Idrisa. Ya sayar da wurin gasa bulonsa, yana ƙwadago a wajen wanda ya saya. Na faɗa masa komai. Ya goge lakar hannunsa, ya dube ni.

“Na waya ban san shi ba, na yafe masa. Kai da ka ba ni shayi, sai ka ƙara mini lokaci.”

Yara, kada ku faɗa wa kowa lambarku, kuma in kuɗinku ya motsa ku je banki a ranar, ko wa ya ce ku jira. Ku nisanci hanyata. Ni na gama zaman gidan yari, amma har yau Baba bai aiko a kira ni ba.