Ranar da Na Ce Ba Na Sauri

Da fetur ya fi ƙarfina, na sayar da tsohon babur ɗina na sayi mai caji. Mai shagon ya ce, "Malam, kai da layin gidan mai har abada." Bai yi ƙarya ba. Layin ne kawai na canza.

A lokacin, wuri ɗaya na sani a duk Minna da ake cajin irin namu: wata rumfa a Tunga, da faifan sola a samanta da soket uku, ɗaya ma ya mutu tun kafin in fara zuwa. Mu kuwa a Shango, in taransifoma ta yi fushi sai mu yi mako ba mu ga wuta ba. Don haka bencin rumfar nan ya san ni fiye da kujerar ɗakina. Na gaji da shi, na gaji da hirar masu Keke mai ƙafa uku, na gaji da duban sama kamar manomi.

Wata mata ce 'yar Sabon Gari take kula da wurin, kuma tana da doka guda mai kyau: mai uzuri ya faɗa a gaban kowa, a ɗaga masa. Na sha ɗaga wa mutane, daga mai jana'iza zuwa mai majinyaci, har da wanda na san ƙarya yake sharawa.

Sai ranar da 'yar farina za ta tafi Fatakwal, inda ta samu aikin jinya. A gidanmu ba a nuna wa ɗan fari so, haka muka taso. Ban taɓa kiran sunanta ba. Da safe ta durƙusa ta yi mini sallama, na ce "Allah ya tsare," ina kallon bango. Ƙanwata ce ta raka ta tasha.

Amma ina son in ga fuskarta kafin motar ta tashi, kuma na riga na shirya dabarata. In yi caji, in biyo ta tasha kamar hanya ce ta kawo ni. In na hau Keke na je, kowa ya san don ita na zo. A kan babur ɗina kuwa, ai wucewa nake yi.

Batir ya ƙare mini kafin Tunga, na ƙarasa da turi. Na tarar da mutum biyar a gabana, ga hadari ya rufe rana, cajin yana shiga kamar ana ɗura randa da cokali.

Matar ta dube ni ta ce, "Baba, yau kai yana duba agogo da yawa. Akwai matsala? Fada, su bar ka."

Kowa ya juyo. Wani mai Keke har ya kai hannu zai zare wayar cajinsa. Abin da ya rage mini shi ne in ce 'yata ce za ta tafi. 

Na ce, "Ba komai, ba na sauri."

Na koma na zauna. Na ji haushin garin da ba shi da soket na huɗu, na ji haushin hadarin, amma na fi jin haushin kaina.

Sai da aka kusa azahar na isa tasha. Ƙanwata tana zaune ita kaɗai a inuwar wata rumfa.

"Yaya, ai sun tashi."

"Wucewa dai nake yi," na ce.

"To, sannu da wucewa." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Ita ma sau biyu tana tsayar da direba wai za ta sayi ruwa, alhali ga ruwa a jakarta. Bakin titi take zuwa ta tsaya, duk babur ɗin da ya taho ba ƙara sai ta bi shi da kallo."