Anzar Gefen Gona

Jiya a kasuwa na ga 'ya'yan anza a faranti, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A garinmu Gangara, bayan samun 'yancin kai, ta tarar da babana yana sare anzar gefen gona don ya ƙara wurin gyaɗa. Ta riƙe ƙotar gatarin.

"Ɗan nan, bar ta. Ran da rumbu ya ƙare, ita za mu ci."

Ya yi dariya, ya sare. Maƙwabta ma suka sare tasu.

Shekarar da ruwa ya ɗauke, ita ta dinga shiga daji mai nisa neman anza. Ta jiƙa har ɗacin ya fita, ta ba mu, tana cewa ita ta ƙoshi. Ba ta ga girbin gaba ba.

Allah ya sa kina inda ba a yunwa, Kaka.