Sakiyar Farar Zomanya

Ina cikin takaba a gidanmu na Agiye aka buɗe jam'iyyu, kowa ya zama mai baki. Wan mijina, wanda muke kira Yaya, yana cikin waɗanda abin ya fi hau wa kai. Mutumin da ko awakinsa ba sa jin maganarsa, sai ga shi an ba shi shugabancin parti na unguwa. Ya ɗinka riga mai launin parti, ya baza tabarmi a gindin itacen bedin ƙofar gidanmu, kullum shi da 'yan jiran shayi suna gyara ƙasa da fatar baki. Tun can ban ɗauke shi bakin komai ba, rigar ma ba ta ƙara masa komai a idona ba.

Mijina malamin lakol ne, wato makarantar boko, yana kiwon zomaye don sha'awa, bai taɓa yanka ko ɗaya ba. Da ya rasu dangi suka yi ta ɗauka, saura farar zomanya mai baƙin kunne, wadda yake ba harawa da hannunsa. A ƙarƙashin gadona take zama. Mai takaba ba ta fita, ba ta yawan magana, to ita nake yi wa hira, kuma ina son ta ƙwarai.

Wata safiya na ji kumburi a haɓarta kamar goro. Kafin mako guda, kumburin ya kai ƙwan zabo, ta fara barin abinci. Ban tsorata ba, don na san aikin. Ƙurjin zomo ba irin na mutum ba ne. Mugunyarsa daskararriya ce kamar man kaɗe, ko an huda ba ta zuba. Mijina yakan aske wurin, ya tsaga da sabuwar reza, ya kwashe da auduga a kan tsinke, ya riƙa wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma har ramin ya cike daga ciki. Ni nake naɗe masa su a zane in riƙe, domin zomo in ya yi shuri da ƙarfi bayansa karyewa yake. Reza kawai na rasa, da wanda zai riƙe mini.

Na tsaya bayan zana na gaishe da Yaya, na roƙa a sayo mini reza, matarsa ta shigo ta kama mini.

"Reza? Mi za ki yi da reza kina cikin takaba?" in ji shi. "Ƙurji ai sakiya aka yi mashi. Kawo ta nan."

Sakiya ita ce a gasa ƙarfe ya yi ja a soka cikin kumburi. Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, na zomo ba shi zuba. Marigayi tsagawa yake yi."

"Yanzu ba zamanin soja muke ba, mutum guda ba shi yanke hukunci. Bari mu ji ra'ayin jama'a."

Jama'ar kuwa su ne 'yan tabarma. Ina leƙe ta ɓular zana. Wani ya ce ya taɓa yi wa jaki, wani ya ce kakansa raƙumi ma yake yi wa. Babu wanda ya taɓa riƙe zomo a cikinsu sai dai a miya. Yaya ya ce mai son sakiya ya ɗaga hannu, hannuwa suka tashi. Har wani da ke gyangyaɗi ya farka, ya ga hannuwa sama, ya ɗaga nasa. Ni mai zomanya ba a lissafa da ni ba.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ni na ɗauko ta daga ƙarƙashin gado, ni na miƙa ta ta saman zana, don kunyar Yaya. Rainin da nake yi musu, akwai kasona a ciki har yau.

Suka sa basilla a garwashin shayi. Wani ya riƙe ta ta kunnuwa, ƙafafunta na lilo. Yaya ya soka, ƙauri ya tashi, ko ɗigo bai fito ba. Maimakon ya tsaya, sai ya ce ai can ciki take, ya ƙara turawa yana matsawa da yatsu. Ban taɓa sanin zomo na kuka ba sai ranar, kamar jariri. Ta yi shuri sau ɗaya, bayanta ya karye, ƙafafun suka saki.

"Maza wuƙa, kada ta zam mushe," in ji Yaya. Wannan kam sun iya, cikin ƙiftawar ido suka gama.

Bayan la'asar na ji ƙamshi daga sashensa. Ya zo ya tsaya bayan zana, ya yi gyaran murya.

"Kwananta ne ya ƙare, sai haƙuri. To yanzu kowa da 'yancinshi, ba mu danne haƙƙin kowa. Cinya kike so ko ƙirji?"

Ra'ayina da aka tambaya ke nan a ranar. Na ce ya kai wa jama'a, su suka zaɓa. Na koma ɗaki na share sauran harawar da ke ƙarƙashin gado. Kwanakin takabar da suka rage, ni kaɗai na yi su.